Dokin da ya daina kwanciya

Baban Barga, dattijon da ke kula mana da dawaki, shi ne ya fara lura. Wata safiya cikin hunturu na fito zan tafi makaranta, na iske shi tsugune a bakin turke ya zuba wa ƙasa ido. Na gaishe shi, ya amsa a gajarce, sannan ya nuna mini yashin da ya share tun bayan isha'i.

"Duba nan, Malam. Sawun kofato ne kaɗai. Yau kwana shida ke nan yaron nan bai sa haƙarƙarinsa a ƙasa ba."

Yaron da yake nufi Tauraro ne, bikili mai farin tabo a tsakiyar goshi, ɗan shekara uku da 'yan watanni. Duk wanda ya tashi a gidan dawaki ya san doki na gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai ya kwanta, ko da na ɗan lokaci ne cikin dare. Da safe za ka ga shatin jikinsa a yashi, ka ga ƙura a gezarsa. Tauraro kuwa tun yana dukushi gwanin birgima ne, da an sauke masa sirdi sai ya zube ya yi ta juyi yana harbin iska. To ga shi ya daina. Na duƙa na duba gwiwoyinsa na gaba, na ga sun ƙuje, wani wurin ya yi ɓawo, wani wurin ɗanye. Barci ne ke kwashe shi a tsaye, ƙafafun gaba su lanƙwashe, ya daki ƙasa da gwiwa, ya farka a firgice. Kwanciya yake tsoro, saboda ya san azabar da tashi ke ba shi.

Ranar ce maganar da na yi watanni ina kauce mata ta zo ta tsaya mini a ƙirji: ko lokaci ya yi da za a hutar da shi.

Mu mutanen ƙasar Gumel ne, kuma doki a gidanmu gado ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana hawa a bayan hakimi duk Sallah, ƙarama da babba. Baban Barga tare suka yi ƙuruciya. Shi ya riƙe masa dawaki, shi ya fara ɗora ni a sirdi ina ɗan shekara biyar, da tsohon ya rasu kuma bai bar gidan ba. Uwar Tauraro goɗiya ce da mahaifina ya saya wata Alhamis a kasuwar Maigatari, hannun fataken da ke shigo da dabbobi daga Nijar, kuma ita ce dabba ta ƙarshe da ya yi cinikinta da bakinsa. Bayan rasuwarsa da wata huɗu ta haihu. Kun ga ke nan in na dubi Tauraro ba doki kaɗai nake gani ba.

Wannan son ne ya sa ni gaggawa. Ina so ya cika ya zama ingarma, in fito da shi a ce ga dokin gidan wane. Tun da aka yaye shi na buɗe masa rumbu: gero, dawa, dusa jiƙaƙƙiya da kanwa safe da yamma. Harawa kuwa sai abin da ya samu, don da rani tsada take yi, hatsin kuma namu ne na gona. Ya yi ta miƙewa kamar ana jan sa, kowa ya shigo sai ya ce tubarkalla. Bai cika shekara biyu ba na sa aka ɗaura masa sirdi. Baban Barga ya ce, "Malam, a ƙara masa damina ɗaya, ƙashinsa ɗanye ne." Na ce ai jikinsa ya kawo. A Sallar shekarar na hau shi da cikakken kaya tun hantsi har la'asar, har da jahi a kan tsandauri.

Bayan 'yan watanni gwiwoyin ƙafafunsa na baya suka fara kumbura. Kumburi ne mai taushi, in ka danna nan sai ya tsiro can, kamar ruwa a salka, kuma babu zafi a jikinsa. Da farko ko ɗingishi ba ya yi. Daga baya ya fara fitowa da safe a sandare, sai an ja shi ya zaga gida sau biyu uku kafin tafiyarsa ta saki. Sannan ya fara jan kofaton baya a ƙasa har bakinsa ya cinye. Muka yi abin da aka saba: gashi da ruwan ɗumi, murza da man kaɗanya, jiƙe-jiƙe. Da abin ya ƙi, wani da ake yabon hannunsa a harkar dawaki ya ce sai lalas. Na yarda. Aka kayar da shi, mutum huɗu suka danne, aka ciro ƙarfe ja wur daga wuta aka ɗora masa a kan gaɓar. Har yau ina jin ƙaurin gashin nan, ina jin irin kukan da ya yi, wanda ba haniniya ba ce. Gyambon ya ɗauki wata guda kafin ya rufe, kumburin kuma yana nan inda yake. Ban ga laifin mutumin ba, abin da ya gada ya yi. Ni na ce a yi.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da likitan dabbobi da ke duba dawakan 'yan ƙwallon dawaki a Kano. Ya zo da na'urar hoton ƙashi a bayan motarsa. Kafin ya ɗauki hoto ya sa aka ja dokin a tafiya, aka ja shi a sassarfa, sannan ya naɗe ƙafar baya sama ya riƙe kamar minti ɗaya, ya saki ya ce a ja shi da gudu. Tauraro ya yi taku uku kamar zai kife. Aka yi ɗayar ƙafar, haka. Da hotunan suka fito a kwamfutarsa ya kira ni inuwa, ya nuna mini da bakin biro.

Zan faɗi abin da na fahimta, don na san akwai masu dukushi a turke yanzu haka da ke yin abin da na yi. A bakin kowane ƙashi a cikin gaɓa akwai guringuntsi mai santsi, shi ke sa ƙashi ya goga ƙashi ba ciwo. A jikin ɗan doki mai tasowa, guringuntsin da ke ƙasa yana juyewa ya zama ƙashi sannu a hankali. In aikin nan ya sami tangarɗa, sai wani wuri ya rage da rauni, ya tsage, wani lokaci ɓalli ya ɓalle ya riƙa yawo a cikin ruwan gaɓa kamar tsakuwa a takalmi. Likitoci na kiran cutar ostiyokondurosis. Ya nuna mini ɓallin a ƙafar dama, fari, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya ce in an gano da wuri ana iya yin aiki da siririyar na'ura mai kyamara a ciro shi, dawaki da yawa suna warkewa su koma aiki. Amma na Tauraro ya wuce nan. Tsakuwar ta daɗe tana gurzar gaɓar, guringuntsin ya cinye, bakin ƙashin ya yi tsiro, abin ya zama amosanin gaɓɓai. Guringuntsi kuwa ba shi da hanyoyin jini, shi ya sa in ya tafi ba ya dawowa yadda yake.

Na tambaye shi ko ba ya daskarewa, don na taɓa jin tsofaffi na cewa wani gurgun dokin yana miƙewa da kansa in an bar shi shekara ɗaya ko biyu. Ya ce gaskiya ne, amma a ƙananan gaɓoɓin da ke ƙasan gwiwar baya, waɗanda da ma ba sa motsi sosai. Su in ƙasusuwan suka haɗe, ciwon na iya lafawa. Na Tauraro yana babbar gaɓar sama mai lanƙwasawa, a ƙafa biyu, ga kuma na gaɓar cinya a hagu. Waɗannan ba sa haɗewa su huta.

Sai na yi tambayar da ke cina. "Likita, ni na jawo masa?"

Bai yi mini ƙarya ba, bai kuma yanka ni ba. Ya ce akwai gado a ciki, wani dokin da shi ake haifarsa. Amma saurin girma da yawan hatsi na cikin abubuwan da aka sani suna tayar da cutar. Hatsi da dusa suna da sinadarin fosforas da yawa, kalsiyam kaɗan, alhali ƙashi mai tasowa yana son kalsiyam ya fi yawa. Harawar wake da ta gyaɗa, waɗanda na yi wa ƙwauro, su ne masu kalsiyam ɗin, kanwa kuma ba ta cike wannan giɓin. Ga hawan wuri a kan gaɓar da ta riga ta sami rauni. Ya ce ƙasusuwan doki ba sa gama nuna sai ya kai shekara biyar zuwa shida, na gadon baya su ne na ƙarshe. Baban Barga na tsaye a gefe da ragama a hannu, bai ce uffan ba, bai ko dube ni ba. Da ya yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Likita ya ba da hutu, ya gyara abinci, ya yi allura a cikin gaɓar, ya rubuta maganin kashe zafi da ake kira fenilbutazon, ya kuma gargaɗe ni cewa ba maganin da ake ɗorewa a kai ba ne, don yana cin ciki yana taɓa ƙoda. Watannin farko na ga sauƙi har na fara sa rai. Allurar ta riƙe shi kamar mako shida, ta biyu ba ta kai haka ba. In aka tsayar da maganin sai ya tsaya cak a turke, kai a ƙasa, yana ɗaga wannan ƙafa yana saukewa, yana ɗaga waccan. In aka ci gaba da ba shi kuma sai ya fara barin abinci, yana cizon haƙora, kashinsa ya yi ruwa. Muka yi wata tara a tsakanin nan. Cinyoyinsa suka zube, ƙashin kwankwaso ya fito. Amma idonsa na nan da haske, in ya ji muryata daga zaure sai ya yi 'yar haniniyar nan ta ƙasan maƙogwaro. Abin da ya fi wahala ke nan. Da tsoho ne ya gama zamaninsa, ko karaya ce ƙashi ya fito waje, da hukuncin ya yanke kansa. Wannan yaro ne, doki kuwa na iya kai shekara ashirin da biyar har fiye.

Da na fara furta maganar, gida ya ɗauki zafi. Yayata ta aiko daga gidan mijinta cewa in ji tsoron Allah, wanda ya ba da rai shi ke karɓa. A majalisa wani ya ce irin wannan tunanin Turawa ne, mu da rai da rabo muka sani. Wani ya ce, "Dokin tsohonka ne fa." Ban raina ko ɗaya ba, don duk na faɗa wa kaina su a cikin dare kafin su faɗa mini.

Sai kuma hanya ta uku ta kawo kanta. Wani dillali ya ji labari ya zo da yamma, ya zaga dokin, ya tattaɓa cinya da haƙarƙari. Ƙafafun ko kallo bai yi musu ba.

"Malam, me zai sa ka yi asara biyu? Ka karɓi ɗan abin da ya samu, ka huta, shi ma ya huta."

Na san inda zai huta. Mu a nan ba ma cin doki, amma akwai masu ci, kuma guragu da tsofaffin dawakan Arewa da yawa a kan tirela suke ƙarewa, a gangara da su kasuwanni irin ta Obollo-Afor a jihar Enugu, inda ake yanka su. Ban ce komai a kan masu ci ba, kowa da al'adarsa. Tafiyar ce ta tsaya mini. Dokin da ba ya iya juyawa a turkensa sai ya yi nishi, a cusa shi cikin wasu, ya kwana ya wuni a tsaye mota na jijjiga shi a ramukan hanya, in ya faɗi a tattake shi. Amma zan faɗi gaskiya, na yi kwana biyu ina juya tayin nan. Ba kuɗin ne ya ja ni ba. Abin da ya ja ni shi ne in na sayar babu mai cewa na kashe doki. Za a ce wane ya sayar da gurgun dokinsa, shi ke nan, magana ta mutu. Da na gane abin da nake nema ke nan, in wanke hannuna a idon mutane a bar dabbar da wahalar, sai kunya ta kama ni. Na aika wa dillalin cewa ba na sayarwa ba ne.

Daga nan na tafi wurin malaminmu, wanda na yi karatun fiƙihu a gabansa ina saurayi. Na same shi bayan la'asar a zaure, na zayyana masa komai, har lalas ɗin.

"Allah ya gafarta Malam, in na sa aka kashe shi, na yi kisan zalunci?"

Ya yi shiru, sannan ya sa almajiri ya miƙo masa Muhtasar na Shehu Halil. Ya buɗe babin yanka ya nuna mini inda aka halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an yanke ƙauna daga gare ta. Ya ce malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin cewa don a hutar da ita ne. Ya kuma gaya mini akwai malaman da suka hana, suka ce a bar ta har ajalinta ya zo, kuma ba su faɗa da wasa ba, don an hana kashe dabba a banza. Sai ya rufe littafin ya ce sharaɗin shi ne yanke ƙauna, kuma ba shi zai yanke ta ba, masana ciwon da mai dabbar ne. Ya tuna mini hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Ya tuna mini na Shaddadu ɗan Ausu, na 17 a cikin Arba'una, cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za a kashe a kyautata kisa, in za a yanka a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankawa. Na tambaye shi batun allura maimakon wuƙa. Ya ce tunda ba ci za a yi ba, a fahimtarsa in zaɓi wadda ta fi sauƙi ga dabbar.

Ina ɗaukar takalmi ya ƙara da cewa, "Ka tambayi zuciyarka don wa kake riƙe shi. In don shi ne, riƙe. In don kanka ne, ka san amana ce a hannunka."

Na koma gida da wannan tambaya, na kasa amsa ta, don kullum zuciyata na kawo mini ranar da ya ci abinci da kyau ta ɓoye mini sauran. Da na kira likita ya ce in daina dogara da tunawa, in rubuta. Na ɗauki littafin rubutu irin na ɗalibaina na rataye a barga. Kowace safiya tambaya huɗu: ya kwanta? ya cinye abinci? ya taka zuwa rijiya da kansa? ya kula da uwarsa in ta kira? Baban Barga ba ya boko, sai na ce ya riƙa gaya wa ɗana, shi ya rubuta. Muka yi kwana 60. Ranakun da aka amsa eh a uku daga cikin huɗu, 11 ne, kuma tara daga ciki a watan farko suke. Kwanciya kuwa sau biyar ya yi. A ta biyar sai da muka tara maƙwabta da igiya da tabarmi kafin ya tashi, ya miƙe jikinsa na rawa, gumi na zuba da sanyin asuba.

A makon ne kuma kofatonsa na gaba ya fara ɗumi, ya riƙa miƙa ƙafafun gaba yana jingina baya. Da ma ƙafafun gaba ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, shi kuma ya daɗe yana ƙara musu na baya. In nauyi ya yi wa kofato yawa, naman da ke riƙe shi da ƙashi yana kumbura ya fara saki, kuma yana cikin ciwuka mafi zafi ga doki. Likita ya ba ni labarin wani dokin tsere a Amurka mai suna Barbaro, wanda ya ci babbar gasar Kentaki a 2006, ya karye a ƙafar baya makonni biyu bayan haka. Masu shi attajirai ne, aka kai shi asibitin jami'a, aka yi masa aiki a kan aiki har wata takwas. Karayar ta kama hanyar warkewa, ciwon kofaton nan ne ya ci sauran ƙafafun, a Janairun 2007 suka hutar da shi. Ya ce ya gaya mini ne don kada in ɗauka rashin kuɗina ne kaɗai ya kawo mu nan.

Wanda ya rage shi ne Baban Barga. Na same shi da dare yana gyara ragama a hasken fitila, na zauna na ce, "Baba, me ka gani?"

Ya daɗe yana jan zare. Sannan ya ce, "Na riƙe dawaki tun kafin a haife ka. Ban taɓa sa hannu an kashe ko ɗaya ba. Amma na taɓa barin wani ya mutu a turke a kwana goma sha biyu, zamanin mahaifinka, ungulu na jira a kan katanga. Har yau ina neman gafarar Allah a kansa." Ya ɗago ya dube ni. "Kira likitan, Malam."

Ɗana mai shekara goma sha biyu, wanda ya yi rubutun nan da hannunsa, bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya tambaya: "Abba, zai ji zafi?" Na gaya masa abin da likita ya gaya mini, na kuma ba shi zaɓi. Ya ce zai tsaya.

Muka haƙa rami a gonar bayan gida, nesa da rijiya, zurfinsa ya fi tsayin mutum, don likita ya ce maganin na zama a cikin naman, duk kare ko ungulun da ya ci na iya mutuwa. Ranar muka tashi da asuba. An ba shi maganin kashe zafi tun dare don ya iya takawa, duk da haka tafiyar da ba ta fi taku ɗari biyu ba ta ɗauke mu kusan rabin awa, yana tsayawa muna tsayawa. Baban Barga ya wanke shi, ya taje masa geza kamar ranar hawa. Ɗana ya kawo masa gero da ɗan zuma a ƙwarya, abin da aka hana shi wata da watanni. Ya cinye tas, ya lashe ƙwaryar.

Likita ya fara yi masa allurar kwantar da jiki a jijiyar wuya. Cikin 'yan mintuna kansa ya sauko, leɓensa na ƙasa ya saki, ya ɗora goshinsa a ƙirjina, daidai farin tabon. Nauyin kan nan na jikina har yanzu. Likita ya ce in ja baya in riƙe igiya, ya gargaɗe mu cewa zai faɗi gaba ɗaya, kuma wataƙila mu ga ya ja dogon numfashi ko tsoka ta motsa bayan ya tafi, kada mu tsorata, ba ya jin komai a lokacin. Na yi bisimilla. Ya tura allura ta biyu, babba. Ba a yi minti ɗaya ba ƙafafun baya suka lanƙwashe, ya zauna, ya kwanta a gefen dama. Ya ja numfashi biyu. Likita ya sa abin sauraro a ƙirjinsa ya daɗe, ya taɓa ƙwayar idonsa ba ta ƙifta ba, ya ce, "Ya tafi."

Baban Barga ya tsuguna ya zare ragamar a hankali. Ya shafa haƙarƙarin da ke kan yashi ya ce, "To, ka kwanta."

Ban yi kuka a wurin ba, sai da na shiga aji na juya zan rubuta kwanan wata a allo.

Yau mako uku ke nan. Yayata ba ta sauko ba tukuna, na je na gaishe ta ta amsa sama-sama. A majalisa wasu sun daina zancen, wasu na yi in na tashi. Akwai daren da nake farkawa in ce da na ƙara masa wata ɗaya. Akwai kuma wanda nake farkawa in tuna igiya da tabarmin nan, in ce wata biyun ƙarshe ma ni na ɗora masa su, don kawai in iya cewa na yi iya ƙoƙarina. Na biyun ya fi yawa.

Goɗiyar na da ciki, in Allah ya so za ta haihu farkon damina. Likita ya ce tunda akwai gado a cutar, a sa ido a kan abin da za ta haifa, a duba gaɓoɓinsa tun yana ƙarami ko da ba ya ɗingishi. Na riga na yi cinikin harawar wake tun yanzu da sauƙinta, an jibge a kan rumfa, ɗana kuma ya buɗe sabon shafi a littafin. Jiya da yamma Baban Barga ya zo da mudu a hannu ya tsaya a bakin rumbu, ya tambaye ni nawa za a riƙa auna wa ɗan in ya fara ci, da kuma shekarar da za a ɗaura masa sirdi. Na ce, "Baba, yadda ka ce haka za a yi."

Ya ce, "Damina huɗu. Ko Sarki ne ya aiko."